Ramin Pulin Hamdara

Laraba, bayan azahar

Yaya Yakuba ya zo daga Takieta. A zaure ya tsaya, ni ina bayan labule kamar yadda ake so mai takaba ta yi. Inna Kulu, uwarsu shi da marigayi mijina, Baban Ilham, ta shimfiɗa tabarma tsakaninmu tana jan carbi, amma kunnenta duka biyu suna wurinmu.

Maganar shago ce. Ya ce ranar sadakar arba'in zai zo da mota ya kwashe kayan aikin ƙanensa zuwa maƙerarsa, don kada su yi tsatsa a banza. Na ce ba za su yi ba, ina nan. Sai ya yi 'yar dariya, ba ta mugunta ba, kuma da ta mugunta ce da ta fi mini sauƙi.

"Aliya, na san kina taya shi. Amma taya miji aiki ba shi ne riƙe shago ba."

Na ce, "Yaya, a santar koyon sana'a ya same ni, magagari a hannuna. Ba a kicin ya same ni ba."

Inna ta ce in rage murya, gidan makoki ne.

Sannan ya kawo maganar pulin Nomau. Nomau mai injin niƙa ne a Hamdara. Injinsa ya mutu, ya sayo wani na hannu, sai ga sandar sabon ta fi ta tsohon kauri. Pulin, wato babbar ƙafar ƙarfen nan da ɗamarar roba ke hawa ta juya niƙa, ya ƙi shiga. Sai an faɗaɗa ramin tsakiyarsa. Shi ne aikin ƙarshe da aka kawo wa Baban Ilham.

"In kika faɗaɗa shi ya zauna a injin Nomau kafin arba'in, na bar miki shagon da duk abin da ke ciki. Inna shaida ce."

Inna ta ce ita ba shaidar kowa ba ce. Amma ta ji, kuma ya san ta ji.

Ƙofar shagon titi take kallo, ba ni da halin shiga. Shi da kansa ya ɗauko pulin da mamatsin ƙarfe da magagarai, ya ajiye mini ƙarƙashin rumfar tsakar gida, yana haki. Wannan kam na ba shi.

Alhamis, da hantsi

Na zauna na dube shi da kyau. Faɗinsa ya kai faifan tankaɗe, nauyinsa ya fi ƙarfin mutum ɗaya sai da dabara. Ƙarfen zubi ne, wanda aka narka aka zuba a mazubi. Irin wannan ba ya lanƙwasa, ba ya miƙewa, ba ya jin lallashi da guduma. In ka matsa masa sai ya tsage, shi ke nan, babu mai ɗinke shi ya koma yadda yake. Kuma babu wani irinsa a kasuwa, Nomau ya zaga Damagaram kaf kafin ya kawo mana.

Aikin injin juya ƙarfe ne a gaskiya. Baban Ilham ya kai wa Mai Nasara na bakin tasha, ya ce pulin ya fi bakin injinsa faɗi. Saura magagari da haƙuri.

Awon da nake da shi turken ice ne. Injin a kafe yake cikin siminti, ba ya ɗaukuwa, don haka Nomau ya sa masassaƙi ya fere masa reshen dogon yaro daidai kaurin sandar, ya kawo tare da pulin. Zan shafa wa turken baƙin tukunya in tura shi a ramin. Inda baƙin ya taɓa, nan zan ci. In sake shafawa, in sake turawa. Haka har ya shige.

Juma'a, bayan sallah

Ban taɓa ƙarfe ba. Ban taɓa tuwo ba.

Asabar, da yamma

Fatar ƙarfen zubi taurin kai gare ta. Tun safe magagari ke zamewa a kanta, sai wajen azahar ya fara kamawa. Da ya kama kuwa sai gari ya fara zuba, baƙi, laushi, ba ya son mai ko ruwa, a bushe ake cin sa. Kafaɗuna sun manta aiki. Na ji daɗin ciwon da suka yi, wallahi na ji daɗinsa.

Ranar farko tsofaffi sun ba ni 'yar wuƙa, wai mai takaba ba ta zama hannu sake. Yau Inna ta tambaye ni ina wuƙar. Na ɗaga mata magagari na ce ga shi, ya ma fi ta tsawo. Ba ta yi dariya ba. Ni ma da na faɗa sai na ji ban so na faɗa ba.

Katanga, rumfa, randa, ƙofar ɗaki. Saman dogon yaron gidan su Rakiya. Abin da nake gani ke nan.

Litinin, bayan la'asar

Rakiya maƙwabciyarmu ta shigo da wasu mata biyu gaisuwa. Na wanke hannu, na ja mayafi, na zauna a ɗaki kaina ƙasa. Sai na ga suna kallona suna kallon juna. Addu'ar ma a gaggauce suka shafa.

Suna fita Inna ta shigo, ta kama haɓata ta juya ni wajen haske.

"Kwalli kika sa? Kwalli, Aliya? Ɗana ko ƙasar kansa ba ta kwanta ba?"

Na rantse mata. Ta miƙo mini madubin da ta juya fuskarsa bango tun ranar. Gumi ne na yi ta sharewa da bayan hannu, garin ƙarfen ya zagaye mini ido baƙi ƙirin, kamar mai shirin zuwa biki. Na nuna mata tafin hannuna, na nuna mata garin a ƙasa, na shafa mata a nata hannun. Ta gane. Amma ta ce waɗancan da suka fita su wa zai shafa musu?

Kafin magariba labarin zai kai kasuwar Zango. Na san unguwarmu. Gobe za a ce har da jan baki.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ba don su ba. Don na ga fuskata ne, na daɗe ban gan ta ba, kuma ban so abin da na gani ba.

Talata, da hantsi

Magagarin ya ɓace. Babban, mai ciki zagaye, wanda ba ni da aiki sai da shi.

Talata, bayan azahar

A ƙarƙashin filon Inna yake. Ban ɗauka ba, na tsaya a bakin gadon har ta shigo ta same ni.

Na zaci maganar kwalli ce. Ta zauna, ta daɗe tana gyara bakin zanenta, sannan ta ce, "In na ji ƙarar nan ta bayan katanga sai in manta. Sai in ce bari in aika masa da fura."

Na ce, "Inna, in aka kwashe kayan nan, me za mu ci ni da Ilham? Gidan wa za mu zauna muna jiran a miƙo mana?"

Ta ce wancan na Takieta ba zai bar mu da yunwa ba. Ba ta faɗin sunan Yaya, ɗan fari ne. Na ce na sani, abin da nake tsoro ke nan.

Ta ciro magagarin ta ajiye a cinyata. Ta ce daga hantsi zuwa azahar kawai, lokacin da take shiga gidan su Rakiya. In ta dawo ta tarar da shiru.

Alhamis, da azahar

Shafa baƙi, tura, cire, ci. Shafa baƙi, tura, cire, ci. Dole in riƙa juya pulin a mamatsi, in ba haka ba ramin zai fito kamar ƙwai, ƙafar ta riƙa rawa a injin. Kowane juyi sai na sa gwiwa da kafaɗa.

Nomau ya kira. Ba ya iya gajeriyar gaisuwa, sai da ya gaida har kajin gidan. Ya ce matan Hamdara sun koma turmi, hannuwansu duk kanta, in ya fito sallah da habaici suke tarbarsa. "Malama Aliya, ki taimake ni, na kusa daina bin hanyar rijiya." Na ce ya ƙara haƙuri. Malama ya kira ni. Babu wanda ya kira ni da wani abu ban da "mai takaba" tun da aka fara zaman nan.

Ilham ta tambaye ni ko Baba zai yi faɗa in ya ga na ɗauki kayansa. Na aike ta ɗebo mini ruwa.

Asabar, da safe

Kabu-kabu nawa ke wucewa ta ƙofar gidan nan? Duk wanda ya rage gudu sai hannuna ya tsaya.

Lahadi, bayan azahar

Turken ya tsage ta gefe guda, tsaga siririya daga sama har ƙasa. Na juya shi a hannu, ya yi sauƙi, ba nauyin da yake da shi ranar da aka kawo. Ɗanye aka fere shi. Zafin bazarar nan ya shanye ruwansa, ice kuwa in ya bushe tsukewa yake yi. Ke nan awon da nake bi ya fi sandar injin siranta, kuma ban san da nawa ba.

Baban Ilham ya faɗa. Ranar da Nomau ya kawo shi ya jujjuya shi ya ce shi ba ya yarda da awon ice, zai je ya auna sandar da kansa. Ya sa ma'auninsa na ƙarfe a aljihu, ya tayar da moto, babur ɗinsa, ya ce in ajiye masa tuwo da zafi. Hanyar Mirriya.

Ma'aunin ya dawo. Yana cikin ledar da aka kawo mini daga asibiti. Ban sani ba ko a tafiya ne ko a dawowa, ban tambaya ba, ban sani ba ko ya kai ga aunawa.

Bari in koma maganar aiki. Ƙarfen da aka ci ba ya komawa. In ramin ya yi yawa pulin ya lalace, in ya yi kaɗan ana iya ƙarawa. Zan tsaya daidai turken. In bai shiga ba, sai a ƙarasa a gaban injin, ana gwadawa ana ci. Aikin rabin yini ne ga wanda ke can.

Ga wanda ke can.

Talata, da hantsi

Ya shige! Turken ya shige har gindi, baƙin ya zagaye ramin ko'ina daidai, ba tudu ba kwari. Na sa yatsa na zagaya ciki, sumul. Na yi guɗa a cikin mayafi don kada a ji. Da Inna ta dawo na nuna mata, ta leƙa ramin da ido ɗaya kamar mai duba ƙwai, ta ce, "To, yanzu sai mu huta da ƙara."

Talata, bayan la'asar

Nomau ya zo ya ɗauki pulin. Ta bayan labule na ja masa kunne: in ya ƙi shiga kada kowa ya sa masa guduma, kada kowa ya sa masa wuta. Ya ce ya ji. Na sa ya maimaita.

Rumfar ta yi fili da yawa.

Laraba, bayan azahar

Bai shiga ba. Nomau ya ce bakinsa ya kama kan sandar ya tsaya, abin da ya rage bai fi kaurin farce ba. Yaya Yakuba ya ji labari, ya kira ni da kansa. Ya ce yau zai kwana da shirin Hamdara, gobe zai jira ni can har la'asar. "Ki zo ki ƙarasa aikinki, ni ba zan ci amanarki ba. Amma jibi sadaka, alkawari kuma kafin arba'in muka yi."

Na roƙi Rakiya ta je wurin Malam Alkasum, limamin masallacinmu, ta tambayo mini. Ta dawo ta ce Malam ya ce mai takaba na iya fita da rana don larurar abincinta, muddin za ta dawo ta kwana a ɗakinta. Har ta ce mijinta Suma'ila zai kai mu a motarsa, ita za ta raka ni. Rakiyar da ta kai labarin kwalli kasuwa. Mutum dai ba a gama saninsa.

Inna ta ce Malam da littafinsa, ita da idon mutane. A gidansu ba a taɓa yi ba. Uwarta ta yi takaba ko zaure ba ta leƙa ba, ita ma da ta yi ta mijinta haka. "So kike a ce ɗana bai kai a zauna masa ba?"

Na yi mata magana mai zafi. Na ce kurkuku ta sa ni, na ce so take in zama 'yar karo a gidan Takieta. Na ce abubuwa. Ta tashi ta shige ɗaki ta bar carbinta a tabarma.

Alhamis, da safe

Na idar da sallah na tarar da ita tsaye a ƙofata da babban hijabinta mai ruwan ƙasa a hannu.

"Sa wannan, ya fi naki rufewa. Ki dawo kafin magariba. Duk wanda ya tambaya, ni na aike ki."

Na durƙusa zan ba ta haƙurin jiya, ta ce in tashi rana na yi. Na naɗe magagarai a tsumma, na sa baƙin tukunya a gwangwani. Suma'ila ya ce da hantsi zai fito da mota. Ina jin murna nake yi.

Alhamis, da azahar

Ina ɗaki.

Alhamis, bayan la'asar

Motar ta zo. Rakiya ta shigo ta karɓi ƙullin magagarai ta yi gaba. Na bi ta, na wuce labule, na ratsa zaure, na kai bakin ƙofa. Hasken titi ya buge ni. Ga shagon a hannun dama da kwaɗo, ga sunansa a sama da fenti shuɗi, na manta da girman haruffan. Suma'ila ya leƙo ta taga ya gaishe ni, ya ce, "Mu yi sauri, Malama, hanyar Mirriya cike take da manyan motoci yau."

Ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Ba wani abu na gani ba, ba wani abu na tuna ba. Ta ƙi kawai. Na kama ƙyauren da hannu biyu. Rakiya ta dawo ta ja ni, ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta ce in rufe ido ita za ta riƙe ni har Hamdara. Na ce to. Na ce to ya fi a ƙirga. Gumi ya jiƙa hijabin Inna. Mutane suka fara tsayawa. Suma'ila ya kashe mota ya jira, ya jira, har aka kira azahar.

Yaya ya kira sau da yawa. Ina kallon wayar tana haske a kan gado.

Ya jira har la'asar kamar yadda ya ce. Har ya ƙara.

Juma'a, da hantsi

Nomau ya kawo pulin cikin buhu, gida biyu.

Matan garin sun taru da kwanukan hatsi tun da suka ji za a tayar da inji. Da la'asar ta wuce Yaya ya ce kaurin farce ne kawai, shi da yake faɗaɗa ramin gatari tun yana yaro. Ya hura wuta a tsakiyar pulin, ya ɗora shi a kan sandar, ya sa guduma. Nomau ya ce ya faɗa masa abin da na ce, ya maimaita. A bugu na uku ya yi ƙara ya rabe.

Na ciro ɓarin guda na duba. Wurin karayar toka-toka ne, sabo, yana ƙyalli. Rabin ramina na nan, sumul yadda na bar shi. Nomau ya tsuguna a zaure, bai yi doguwar gaisuwa ba yau. Na ba shi haƙuri. Ya ce haka Allah ya so, zai kwance injin ya sayar, ya koma gona.

An yi sadakar. An dafa, an raba, malamai sun yi addu'a. Na ji duk ta bayan labule.

Asabar, da azahar

Yaya ya zo da motar kaya. Kafin a fara ɗiba ya tsaya a zaure, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce shi ya fasa pulin, ba zai ɗora wa kowa ba, zai ji da Nomau. "Amma Aliya, na jira ki. Shago kuwa fita yake so. Yau Hamdara, gobe Takieta, jibi wani wuri." Ya tsaya ko zan ce wani abu. Da ƙarya ya faɗa da na sami bakin magana.

Na zauna ƙarƙashin rumfa ina jin su ta bayan katanga. Na gane kowane abu da ƙararsa: injin huda ƙarfe da suka ja a ƙasa maimakon su ɗaga, akwatin sufana, uwar maƙera da ta sa mutum huɗu nishi. Daga ƙarshe suka shigo suka kwance mamatsin daga turken rumfa. Sai kwaɗo, sai motar ta tashi.

Inna ta fito ta zauna kusa da ni, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce laifinta ne. Da ta bar ni tun ranar Laraba, da ba ta cika mini kai da maganar mutane ba, da na tafi. Ta ce ta gaya wa Rakiya ta faɗa a unguwa ita ce ta tsaya a zaure ta hana ni fita.

Da na yi shiru da maganar ta zauna haka. Unguwa ma da ta fi son wannan labarin.

Na ce, "Inna, kin bar ni. Kin ba ni hijabinki. Babu wanda ya tare ni, ni ce na kasa."

Ta dube ni, ta dubi ƙasa inda garin ƙarfen ya yi baƙi.

"Na sani. Ina bayanki a zaure tun da kika kama ƙyauren."

Na ce me ya sa ba ta tura ni ba, ita da na san in ta ce a yi sai an yi.

Ta ce, "Addu'a nake yi kada ki hau hanyar nan."

Aka kira azahar. Babu wadda ta tashi a cikinmu.